Tiyata ko gashi: awon sinadaran jini zai iya raba gardama a sankarar huhu ta matakin farko?

Hauwa Lab: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga likitocinmu da masu aikin gashi. Idan aka gano sankarar huhu tun tana matakin farko, ƙarin bai wuce santimita 4 ba kuma bai kai ga kaluluwa ba, manyan hanyoyi biyu ne: a yanke ɓarin huhun da ƙarin yake ciki, ko a gasa shi da haske mai ƙarfi da ake saitawa daidai kansa, wanda ake kira SBRT. Ni kuma yanzu karatuna yana kan metabolomiks, wato awon ɗaruruwan ƙananan sinadaran da jiki ke samarwa yayin sarrafa abinci, irin su sukari da laktet da amino asid da kitse iri-iri. A Winnipeg ta Kanada akwai masu bincike da suka ɗebi jini da fitsarin marasa lafiya kafin tiyata da bayanta, suka ga sinadarai da dama sun canza bayan an cire ƙarin, sun wallafa a 2021. To idan aka yi irin wannan awon ga waɗanda aka yi wa tiyata da waɗanda aka yi wa gashi, aka duba jinin wanne ya fi komawa daidai, ba shi ke nan an san maganin da ya fi ba?

Dakta Mu'azu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu shiga jini, a fara sanin inda gardamar take. Huhun dama ɓari uku ne, na hagu biyu. Tun binciken da aka wallafa a Amurka a 1995, cire ɓari guda sukutum shi ne abin da likitocin ƙirji suka riƙe. Sai 'yan shekarun nan aka sassauta. A Japan an yi gwaji da mutum 1,106 masu ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, ƙuri'a ta raba su biyu, aka wallafa a 2022. Waɗanda aka yanke wa ɗan yanki kawai, kashi 94.3 cikin 100 suna raye bayan shekara 5, waɗanda aka cire wa ɓarin gaba ɗaya kuma kashi 91.1. Amma ciwon ya fi dawowa a wurin ga masu ɗan yanki, kashi 10.5 a kan 5.4. Wani gwajin na Amurka da Kanada da Ostareliya mai mutum 697 ya fito a 2023, shi ma ya nuna ƙaramar yanka ba ta gaza babba ba a irin wannan ƙari. Abin da nake so ki lura da shi, ma'aunin da aka yi hukunci da shi a nan shi ne rai da dawowar ciwo. Duk wani sabon awo sai ya nuna yana tafiya tare da waɗannan biyun kafin a saurare shi.

Malam Ilu: Dakta, ka faɗi na tiyata ka bar namu. Gashin SBRT ba na jiya ba ne. A 2010 aka wallafa gwajin Amurka na mutum 55 da ba za su iya jure tiyata ba, aka yi musu gashi sau 3 kacal, bayan shekara 3 ƙarin da aka gasa bai sake tasowa ba a kashi 97 da ɗoriya. Ba allurar barci, ba kwanciya a asibiti, ba bututu a ƙirji. Mutum ya zo da ƙafarsa ya koma da ƙafarsa. Sannan a 2015 da aka haɗa gwajin STARS na Houston da ROSEL na ƙasar Holan, waɗanda duk masu iya jure tiyata ne, kashi 95 na masu gashi suna raye bayan shekara 3, na masu tiyata kashi 79.

Dakta Mu'azu: Mutum nawa ne a ciki, Malam?

Malam Ilu: 58. Na san inda za ka.

Dakta Mu'azu: 31 gashi, 27 tiyata. Gwaje-gwajen biyu duk rufe su aka yi tun ba su cika ba, saboda mutane sun ƙi yarda ƙuri'a ta zaɓa musu tsakanin wuƙa da haske. A adadi irin wannan, mutuwar mutum biyu ko uku ta isa ta juya sakamako. Ban raina gashi ba, ni da kaina nakan tura dattijon da awon numfashinsa ya yi ƙasa wajen masu gashi, kuma hankalina kwance. Amma ga mai ƙarfi, tiyata tana ba ka abin da gashi ba ya bayarwa: ƙarin yana hannunka, kaluluwa tana hannunka, a kai ɗakin awo a duba. Ba sau ɗaya ba hoto yakan ce kaluluwa lafiya lau, a yanka a tarar ciwo ya riga ya shiga. Wannan mutumin matakinsa ya canza, sai a bi shi da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, idan kuma ƙarin na ɗauke da canji a ƙwayar gado da ake kira EGFR akwai maganin osimertinib, wanda gwajin ADAURA ya nuna amfaninsa bayan tiyata a 2020. Wanda aka gasa wa ƙari ba a taɓa kaluluwarsa ba, wannan labarin zai iya wuce shi.

Hauwa Lab: To ai nan ne nake ganin awon sinadarai zai shigo, Dakta. Tunda ƙuri'a ta gagara, jini ya yi magana.

Yaya Kabiru: Hauwa, bari in sa baki, lissafi ne aikina. A asibiti wa ake tura wa gashi? Wanda ya fi tsufa, wanda taba ta cinye masa huhu, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari. Wa ake kai wa tiyata? Wanda ya hau bene bai yi haki ba. Jinin waɗannan rukuni biyu ya bambanta tun kafin a taɓa kowa. Kamar ki gwada gudun doki biyu ne, ɗaya kin ɗora masa saurayi, ɗaya kin ɗora masa tsoho mai tari, sannan ki ce dokin saurayin ya fi. Idan bayan wata uku kika ga jinin masu tiyata ya fi kyau, me kika auna? Maganin, ko mutanen?

Na biyu, wanda ya fi damuna. Alama iri biyu ce, kuma ana yawan cuɗa su. Akwai wadda ke faɗa miki wannan mutumin ciwonsa mai tsanani ne, ko me aka yi masa. Akwai kuma wadda ke faɗa miki wannan mutumin, magani kaza zai fi masa magani kaza. EGFR da Dakta ya ambata irin ta biyu ce, shi ya sa take canza abin da likita zai rubuta. Abin da metabolomiks ya kawo zuwa yanzu a sankarar huhu, gano ciwo ne da hasashen tsananinsa. Misali a 2014 masu bincike a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka sun auna fitsarin masu ciwon 469 da masu lafiya 536, suka ga sinadarai biyu, kiriyatin ribosaid da NANA, sun fi yawa ga masu ciwon, kuma wanda nasa ya yi yawa ya fi saurin rasuwa. Aiki ne mai kyau. Amma bai ce a yanka ko a gasa ba. Don a iya faɗin haka, dole a ɗebi jinin kafin ƙuri'a, ƙuri'a ta raba magani, sannan a duba ko masu alamar sun fi amfana da ɗaya. Ba yadda za a tsallake ƙuri'ar.

Hauwa Lab: Yaya, idan kowa aka gwada shi da kansa fa? Jininsa na kafin magani da na bayan magani. Ai tsufa da taba ba su canza ba a tsakani.

Yaya Kabiru: Wannan ya rage matsalar, kuma haka ya kamata a tsara. Amma tambayi Dakta abin da tiyata kanta ke yi wa jini.

Dakta Mu'azu: Tana hargitsa shi. An hana mutum abinci, an sa shi barci, an buɗe ƙirji ko an huda shi, jiki ya shiga yaƙin warkar da rauni, tsoka tana narkewa, sukari yana hawa, ga magungunan ciwo. Wani ya rame, wani ya daina taba a daidai lokacin saboda tsoro. Duk wannan zai fito a awon. Sinadari ya sauka bayan tiyata, ba lalle ƙarin ne yake samar da shi ba. Ki tuna kuma ƙarin santimita 2 ɗan abu ne a jikin mai kilo 70, yawancin abin da ake gani a jini martanin jiki ne, hanta da tsoka da garkuwa.

Malam Ilu: Namu kuma matsalar ta wata fuska ce. Tiyata rana ɗaya ƙarin ya bar jiki. Gashi kuwa ƙarin yana nan, a hankali yake mutuwa, huhun da ke kewaye da shi ya kumbura na wasu watanni sannan ya zama tabo. A Ontario ta Kanada an yi gwajin MISSILE, aka gasa ƙarin sannan aka yi tiyata bayan mako 10 don a gani da ido. An wallafa a 2019. A kashi 60 cikin 100 ne aka tarar babu sauran ƙwayar sankara mai alamar rai. Wasu suka ce ga shaida gashi ba ya kashewa duka. Mu kuma muka ce mako 10 ya yi wuri, ƙwayar da haske ya lalata tana iya zama a wurin kamar mai rai alhali ba za ta ƙara rabuwa ba. To ki ɗebi jinin mai tiyata da na mai gashi duk a mako na 10, kin kama su a wurare biyu daban na tafiyarsu.

Amma Hauwa kar ki karaya, akwai inda ni nake matuƙar son wannan awon. Bayan SBRT, tabon da ke fitowa a hoton CT wani lokaci yakan yi kama da ƙari sak, har ya riƙa girma. Hoton PET ma yana iya ci gaba da haske a wurin wata da watanni saboda kumburi. Likita na kallo, mara lafiya na kallo, an rasa ko tabo ne ko ciwo ne ya dawo, a huda wurin kuma akwai haɗarin huhu ya sace. Da za a sami awon jini da zai raba waɗannan biyun, wallahi da an rage wa mutane fargaba mai yawa.

Sadiya Zariya: Don Allah ku yi haƙuri da ɗaliba. Hoton PET ɗin nan ba shi ma awon sarrafa sukari ba ne?

Hauwa Lab: Shi ne, Sadiya. Tushensa aikin Otto Warburg ne na Jamus tun wajen 1920 da 'yan kai, wanda ya lura ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari fiye da kima su mai da shi laktet ko da akwai iskar oksijin. A PET ana yi wa mutum allurar sukari mai ɗauke da fulorin-18, inda aka fi zuƙarsa nan ke haske. Sai dai sinadari ɗaya yake bi, metabolomiks kuma ɗaruruwa. Kuma labarin ya fi yadda Warburg ya zata faɗi. A Dallas, rukunin Ralph DeBerardinis sun ɗura wa marasa lafiya sukari mai lamba ta jijiya ana shirin yi musu tiyata, da aka ciro ƙarin suka bi sawun inda sukarin ya shiga. A 2016 suka nuna ko a cikin ƙari guda, wani gefen yana cin abin da wani gefen ba ya ci, gwargwadon yadda jini ke isa gare shi. A 2017 kuma suka nuna ƙarin huhu har laktet ma yana ƙonawa a matsayin makamashi. Wannan ne ya fara jan hankalina zuwa fannin.

Dakta Mu'azu: Ki kuma lura ta ina suka sami ƙarin da suka auna. Daga hannun mai tiyata.

Malam Ilu: Dakta, ka dai ƙi sakin wuƙarka. Amma a nan gaskiyarka, kuma gibi ne a wajenmu. Wani ma ana gasa shi ba tare da an ɗebo tsokar ƙarin an tabbatar ba, idan hudawar ta fi haɗari. Mai bincike ya sa irin wannan a lissafinsa, wataƙila ya sa wanda ba sankara gare shi ba tun farko.

Anti Binta: 'Ya'yana, tun ɗazu nake karanta ku. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu tarin tibi kafin in yi ritaya. Wannan matakin farko da kuke ta faɗa, a wajenmu wa ke zuwa a cikinsa? Ƙaramin ƙari a huhu ba ya ciwo, ba ya sa tari. Waɗanda ake kamawa da wuri a ƙasashen da kuke ambata, hoton CT ne ya kama su suna zaune lafiya. Mu namu sai tari ya yi wata da watanni, an sha na kemis an sha na gargajiya, a zo a ɗauki hoton ƙirji a ga inuwa, a auna kaki ba a ga ƙwayar tibi ba, duk da haka a ce a fara maganin wata 6 a gani. Na ga waɗanda suka shanye maganin tas suna ƙara ramewa, sai daga baya aka gane ba tibi ba ne. A lokacin kuwa ba maganar yanka ko gashin saiti. Har yau abin yana ci mini rai.

Yaya Kabiru: Anti, Allah ya saka da alheri. Gwajin da ya kafa wannan hoton na masu lafiya shi ne NLST na Amurka, mutum 53,454 masu tarihin shan taba sosai, aka wallafa a 2011, mutuwa daga sankarar huhu ta ragu da kashi 20 cikin 100. Amma cikin hotunan da suka nuna wani abin tuhuma, sama da kashi 96 ba sankara ba ne. Wannan a ƙasar da tibi ya yi ƙaranci ke nan. A kawo shi inda mutane da yawa ke ɗauke da tsohon tabon tibi a huhu, a ga yadda za a cika da ƙararrawar banza.

Isuhu Yamai: Sannunku da muhawara. Abin da Hajiya ta faɗa haka yake a nan Nijar. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin nan sai dai a fita waje ga mai hali. Malam Ilu zai gyara mini, amma samun injin gashi daban, iya yin SBRT daban.

Malam Ilu: Babu gyara, Malam Isuhu. Ƙarin huhu yana hawa da sauka da numfashi, don haka sai da hoton CT mai bin numfashi, da injin da zai ɗauki hoto mutum na kwance kafin a saki haske, da masanin fiziks da zai tabbatar da saitin. Abin da ake rabawa sau 30 a gashi na yau da kullum, a nan sau 3 zuwa 8 ake bayarwa, kowanne da ƙarfi sosai. Kuskuren 'yan milimita kusa da babbar hanyar iska ba ƙaramin abu ba ne. PET kuma fulorin-18 rabinsa ke lalacewa duk minti 110, dole injin da ke samar da shi ya kasance kusa ko jirgi ya kawo da sauri.

Hauwa Lab: Anti, maganarki ta tuna mini da aikin Jami'ar Hasselt ta Beljiyam. Su da na'urar NMR suke auna ruwan jini. A 2016 sun nuna tsarin sinadarai yana iya bambance masu sankarar huhu da masu lafiya, ya gane kashi 78 na masu ciwon da kashi 92 na masu lafiya a rukunin da aka gina shi a kai. A 2018 kuma suka duba waɗanda PET ya haska musu wani abu a huhu, suka ga yawan gulutamet a jini yana taimakawa wajen raba kumburi da sankara. Wannan ai kusan tambayar Anti ce, kuma kusan ta Malam Ilu ce ta tabo.

Dakta Mu'azu: Yawwa. Wannan tambayar ta fi ta farkon da kika zo da ita dacewa da awon naki. Tibi ma yana haske a PET ƙwarai, don ƙwayoyin garkuwar jiki su ma sukari suke ci. Amma kumburin da aka gani a Beljiyam ba lalle ya yi daidai da tibinmu ba, sai an gwada a kan mutanenmu.

Yaya Kabiru: Ki kuma riƙe kalmar da kika faɗa da bakinki, rukunin da aka gina shi a kai. Idan kina da sinadarai 500 da mutum 40, kwamfuta za ta samo miki tsarin da ya raba su biyu ko da ranar haihuwarsu kika ba ta. Sai an kulle tsarin, an kai shi kan sababbin mutane a wani asibiti, sannan a san ko gaskiya ne. Wannan fannin ya taɓa ƙonewa, kuma a kan wannan ciwon. A 2006 Anil Potti na Jami'ar Duke ta Amurka ya wallafa cewa tsarin ƙwayoyin gado zai faɗi wanda sankarar huhunsa ta matakin farko za ta dawo, da kuma kemon da ya dace da kowa. Har aka fara zaɓa wa marasa lafiya magani da shi a gwaji. Masana lissafi biyu na cibiyar sankara ta MD Anderson, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka bi bayanan suka tarar da kurakurai, har da layukan da suka goce da sunayen rukuni da aka juya. A 2010 aka tsayar da gwaje-gwajen, daga baya aka janye takardun, a 2015 hukumar Amurka mai sa ido kan gaskiyar bincike ta same shi da laifin jirkita bayanai. Can ƙwayoyin gado ne, nan sinadarai, amma ramin ɗaya ne: ma'aunai da yawa, mutane kaɗan, ga ɗokin a kai ga mara lafiya.

Baban Amira: Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Wana yana zaune a Ingila, an gano masa irin wannan, an ce ya zaɓa. Me zai tambaya?

Dakta Mu'azu: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Likitocinsa ne ke da hotonsa, su za su yanke tare da shi. Ya tambayi sakamakon awon numfashinsa da abin da zai rage masa bayan yanka. Ya tambaya ko an duba kaluluwar tsakiyar ƙirji, da hoto kawai ko har da allura ta maƙogwaro. Ya tambaya ƙarin yana gefen huhu ne ko kusa da tsakiya, kuma ko ɗan yanki zai isa. Ya nemi ganin likitan tiyata da likitan gashi duka biyu kafin ya ce komai. Idan aka gayyace shi bincike a ɗebi jininsa, ba laifi ya bayar, amma ya sani ba a zaɓar magani da awon sinadarai a asibiti a yau. Duk wanda ya ce zai sayar masa da irin wannan awon don ya faɗa masa yanka ko gashi, ya kai maganar gaban likitansa tukuna.

Baban Amira: Amin, na gode ranka ya daɗe. Zan tura masa yanzu.

Hauwa Lab: Dakta, Yaya Kabiru, idan na karkata aikina zuwa raba tibi da sankara ga masu inuwa a huhu da kakinsu bai nuna komai ba, me zan fi kiyayewa?

Yaya Kabiru: Kowa sai an san ainihin ciwonsa ta hanyar da ba ta dogara da awonki ba, tsoka ga sankara, awon kaki da na'urar GeneXpert ko shukar kaki a ɗakin awo ga tibi. Kuma ki ware wani kaso na samfurin da ba za ki buɗe ba sai kin gama gina tsarin.

Anti Binta: Ki ɗebi jinin kafin a ba su ƙwaya ko ɗaya, 'yata. Rifampisin har fitsari yake mayarwa ja, balle abin da yake yi a hanta. Ki tambaye su jiƙe-jiƙen da suka sha, ba za su faɗa ba sai kin zauna kin yi hira da su. Ki tambayi goro da maganin sukari.

Dakta Mu'azu: Da safe, kafin karin kumallo, kowa a lokaci guda. A raba ruwan jinin da wuri, don ƙwayoyin jini suna ci gaba da cin sukari suna zubar da laktet a cikin kwalba. Ajiya a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, kuma ki tabbatar da janareto ko sola kafin ki ɗebi na mutum na farko, samfurin da ya narke ya sake daskarewa ya tashi daga aiki. Na watan azumi ki rubuta shi daban, wanda ya yi sahur da asuba da wanda ya kwana bai ci ba jininsu ba ɗaya ba ne da ƙarfe 8 na safe.